Daga Bakin Binuwai: Ranar da Duna ya shiga shagon hoto

A wannan watan na yi niyyar in taɓo maganar tsadar taki ne, to amma sai wani abu ya gitta wanda ya hana ni sakat, har na ga gara in kawo shi gabanku mu tattauna. Taki kuwa ya jira wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Akwai wani tsohon abokina mai ɗaukar hoto a nan Garwa, shagonsa ba shi da nisa da babbar kasuwa. Tun zamanin mulkin Ahijo yake wannan sana'a, kuma har yau labulen nan nasa mai zanen gidan bene da jirgin sama yana nan a rataye, sai dai ya koɗe. Nakan biya wajensa da hantsi mu sha shayi mu yi hirar duniya, domin kuwa yanzu lokaci gare shi har ya yi masa yawa. Ran nan muna zaune sai ga wani dattijo ya yi sallama. Da gani ka san mai lambu ne daga bakin Binuwai, ƙafafunsa duk busasshiyar laka, yana riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma wani baƙin kare ne mai yagaggen kunne ɗaya.

"Alhaji, hoto na zo a yi mini."

"Bismilla Malam, shigo daga ciki. Amma ka ɗaure karen a jikin bishiyar can."

"Ai shi za a ɗauka, ba ni ba."

Abokina ya dube ni, ni ma na dube shi. Dattijon bai ce komai ba, sai ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, a naɗe cikin leda. Ashe karne ne na rigakafi, wanda likitan dabbobi ya ba shi bayan an yi wa karen allurar ciwon hauka. A shafin farko akwai gurbin da aka bari don hoto. Likitan ya ce masa ya je a liƙa, tunda baƙaƙen karnuka sun yi yawa a bakin kogi, kuma ranar da tsautsayi zai gitta ba wanda zai yarda cewa wannan takarda ta wannan kare ce. Sunan karen Duna, haka aka rubuta.

Mai shago ya ƙi. Ya ce, "Malam, a kan tabarmar nan nake salla, a kan kujerar nan amare ke zama. In mutane suka ji kare ya shigo nan, ai na kori ɗan sauran cinikin da ya rage mini." Ban ga laifinsa ba a lokacin, kuma har yanzu ban gani ba. Sai dai ina zaune ina kallon tsofaffin hotunan da ya jera a bango, wani tunani ya zo mini.

Jama'a, ku tuna abubuwan da muka riƙa kaiwa gidan hoto a da. Mun kai rediyo, mun kai keke, mun kai babur. Mata sun kai keken ɗinki da sababbin kwanuka. Yara sun kai allo ranar sauka. Na san wanda ya ja ragon layyarsa har cikin shago aka ɗauke su tare, yana dafe da ƙahonsa kamar ɗan'uwansa. Wato dai gidan hoto wuri ne da mutum ke zuwa ya nuna abin da yake ji da shi. Haka abin yake ko'ina a ƙasashenmu. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, har ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur yake yi don wanda ba shi da nasa ya ara a ɗauke shi da su.

Mu ma a nan Kamaru muna da namu gwanayen. Akwai Joseph Chila da ya yi aiki a Mayo Darle, da Samuel Finlak na ƙauyen Atta wajen Bankim, duka a lardin Adamawa, da kuma Jacques Toussele na Mbouda can yamma, wanda shi ya koya wa Chila sana'ar. Wani malamin jami'ar Oxford mai suna David Zeitlyn ya bi diddigin aikinsu, har aka baje hotunan Chila da Finlak a Landan a 2005, sa'an nan aka baje na su ukun a Los Anjalas ta Amurka a 2021. Hotunan Toussele kaɗai da aka kwafe aka adana da taimakon babban ɗakin karatu na Biritaniya sun haura dubu 40. Masana tarihi na duba su yau don su san irin suturar da aka sa, da kitson da aka yi, da abin da mutane suka ɗauka da daraja a wancan zamani.

Abin da ya riƙe waɗannan shaguna ba hoton biki ba ne, ɗan ƙaramin hoton nan ne na katin shaida, wanda muke kira kat-kat. Kowa dole ya yi kati, kowa dole ya biya ta wajen mai hoto. Da gwamnati ta sauya tsarin katin a 1998 aka koma ɗaukar hoton nan take a wurin yin katin, sai rijiyar ta ƙafe. Hoto mai kala ya zo da manyan injinan wanki da ƙaramin mai shago ba zai iya saya ba, daga baya kuma wayar hannu ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Shi ya sa abokina ke da lokacin shan shayi da hantsi.

To a duk hotunan da ke bangon shagonsa, da rago da doki da rediyo, ban ga kare ko ɗaya ba. Alhali kuwa rediyon nan da aka yi hoto da shi, wa ya kwana yana gadinsa?

Harshenmu ma ya ishe mu shaida. In za a zagi mutum a ce ɗan kare. Yaron mota mun sa masa karen mota. Wanda ake turawa ya yi ɓarna don a biya shi, karen farautar wane. Sai in an zo maganar zomo ne muke tuna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Muna son aikinsa, ba ma son a gan mu da shi. Kare yana nan a lambu, yana nan a ruga, yana nan a ƙofar kantin da ake tsoron ɓarayi, amma in ka tambaya na wane ne sai kowa ya kau da kai. Wannan kau da kai shi ne ainihin abin da nake son mu duba, kuma zan komo kansa.

Na san abin da wasu za su fara cewa, don an faɗa mini shi a majalisa tun kafin in ɗauki alƙalami. Wani ya ce ai an haɗa abu biyu ne a wuri guda, ga kare ga hoto, kuma hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Hadisin gaskiya ne, ba mai musu. Amma mu tuna da sauran abin da muka karanta a zaure. An yi izinin ajiye kare don farauta, da kiwo, da tsaron gona, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko wancan hadisi ya shafi karen da aka yi wa izini. A mazhabar Imamu Malik da mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, Malikawa sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don ruwan ya ƙazantu ba, ko da yake Shafi'awa da Hambalawa na ganin najasa ne. Har ana ba da labarin Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, mai Risala, cewa ya ajiye kare da katangar gidansa ta rushe, da aka tuna masa Malik ya karhanta hakan sai ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Game da sura kuwa, Malikawa sun bambanta tsakanin gunki mai inuwa da zane a kan takarda. Ban da haka, wane ne a cikinmu ba ya yawo da hotonsa a aljihu? Wa ya je Makka ba fasfo? In lalura ta halatta wancan, ban ga abin da zai hana ta halatta hoton karen lambu a karnen allura ba.

A ƙarshe dai na shiga tsakani. Aka naɗe tabarma aka jingine, aka fitar da kujerar amare, aka shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, aka ja ƙofa. A nan ne na gane cewa ɗaukar hoton kare sana'a ce daban.

Matsala ta farko ƙasa ce. Simintin shagon mai santsi ne, ƙafar kare kuwa in ba ta kama ƙasa ba hankalinsa ba ya kwanciya. Duna ya shigo yana sanɗa, wutsiya a tsakanin ƙafafu, kunne a kwance, yana ta lasar hanci yana hamma. Dattijon ya ce ba barci yake ji ba, tsoro ne, a bar shi ya shinshina wurin tukuna. Muka zuba masa ido ya zagaya kusurwa huɗu, ya shinshina ƙafar kyamara, ya shinshina takalmina, sa'an nan ya hau buhun don kansa.

Ta biyu zafi. Kun dai san Garwa a watan Maris da Afrilu, yadda ma'auni ke haura 40. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa harshe ke zubowa waje. Ga manyan fitilun shago sun ƙara wa ɗakin wuta. Sai da aka kashe su, aka ba shi ruwa a gwangwani, aka kunna fanka, aka jira ya rufe baki.

Da abokina ya danna na farko, muka leƙa bayan kyamarar, sai muka ga idanu biyu kore shar kamar na aljani, sauran kuwa duhu. Dalili shi ne akwai wani shimfiɗi a bayan idon kare mai mayar da haske kamar madubi, wanda ke taimaka masa gani da dare. Shi ne kuke gani in fitilar mota ta haska kare a hanya. In filasha tana manne a kan kyamara, hasken na shiga idon ya dawo kai tsaye. Maganin abin shi ne a raba su, a kai hasken gefe, ko a harba shi a farin bango ya dawo da taushi. Baƙin kare kuma yana da tasa rigimar. In ka sa shi a gaban labule mai duhu ya ɓace, in ka sa shi a gaban fari fat kyamara ta ruɗe ta mai da shi inuwa. Aka samo wani zane mai ruwan toka aka rataya a kan gidan benen da jirgin saman, aka kawo haske ta gefe, sai ga gashinsa ya fito ɗaya-ɗaya, har da farin tabon da ke ƙirjinsa wanda da ban lura da shi ba.

Sa'an nan tsayi. Mu mutane daga sama muke kallon kare, shi ya sa hoton da aka ɗauka a tsaye yakan fito da ƙaton kai da 'yan ƙafafu, kamar mai roƙo. Sai an sauko da kyamara daidai idonsa. Kai jama'a, da kun ga Alhaji guda, da furfurarsa, ya tattare babbar riga ya kwanta rub da ciki a gaban kare! Mutumin da ya ce ba zai bari ya shigo ba. Amma sana'a ta riga ta motsa, ya manta da ni, ya manta da amare.

Abu ɗaya ya rage, kunnuwa sun ƙi tashi. Aka yi fito, ya ɗaga sau ɗaya ya mayar. Aka kaɗa makulli, ya kalla ya kau da kai. Kowace dabara sau ɗaya ko biyu take ci, daga nan ya gane wasa ne. Sai dattijon ya koma bayan mai hoto ya tsuguna, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Duna, dorina!" Nan take kare ya miƙe, ƙirji a gaba, kunne mai lafiya da yagaggen duka a sama. Ƙyas! Ashe aikinsa ke nan a lambu. In dorina ta fito daga kogi da dare za ta shiga shuka, shi ke tada maigidansa. An ɗauki guda biyu, ɗaya na fuska, ɗaya kuma daga gefe wanda ya nuna jikinsa duka da alamominsa, domin shi ne mai amfani a karne.

Turawa sun daɗe da wannan fama. Da aka fara hoto a 1839, mutum sai ya daskare na tsawon lokaci, har ƙarfe ake sa masa a ƙeya don kada ya motsa, karnuka kuwa sai su fito kamar hayaƙi, in ba wanda barci ya kwashe ba. Dattawan da suka ga zamanin garmaho za su tuna karen nan da ke leƙa bakin ƙahon garmaho a jikin faifai. Sunansa Nipper, kuma shi ba hoto ba ne, zane ne na Francis Barraud, wanda kamfanin ya saya a 1899 bayan karen ya mutu da shekaru. A Amurka wani mai suna William Wegman ya yi suna a duniya da ɗaukar karnukansa a situdiyo tun daga 1970, yana sa musu riguna da hulunan mutane. Yau a can akwai shagunan da ba su da aiki sai wannan.

Ba wannan nake kira a kwaikwaya ba. Na fara ganin irinsa a wayoyin samarinmu, an sayo ƙaton kare mai gashin ƙasar sanyi an kawo shi Garwa yana haki kamar zai mutu, an sa masa tabarau an ɗauka an watsa a Facebook. Wannan rediyon Seydou Keïta ne ya dawo da ƙafa huɗu, abin nunawa kawai. Ka tambayi mai shi karne ka ji yadda zai fara inda-inda.

Yanzu bari in komo kan kau da kan da na ambata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen dubu 59 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ne. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana, sai dai a yi haƙuri. Amma kafin su bayyana akwai magani, tun daga 1885 da Louis Pasteur ya yi wa yaron nan Joseph Meister allura ya rayu. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen a ƙona. Shi kuma karen ba kashe shi ake yi nan take ba, tsare shi ake yi a sa masa ido aƙalla kwana 10 a ƙarƙashin likitan dabbobi.

To a nan ne ake yin ta. Yaro ya shigo gida da jini a ƙafa, an tambaye shi wane kare, ya ce baƙi. An fita unguwa, kowa ya ce ba nasa ba ne. Ko kuma wani ya fito da takarda ya ce an yi wa nasa allura, amma ba abin da ke nuna takardar ta wannan ce ko ta wanda ya mutu bara. A Turai ɗan ƙaramin maɓalli suke sa wa dabba a ƙarƙashin fata, a karanta lambarsa da na'ura. Mu da ba kowa ke da halin wannan ba, hoton kat-kat da yagaggen kunne da farin tabo ya fi babu nesa ba kusa ba.

Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon na yankewa. Ba labarin nesa ba ne. Maƙwabtanmu na Injamena sun yi gangami a 2012 da 2013, suka haura wannan adadi, ciwon ya yi ƙasa ƙwarai a birnin, sai daga baya karnukan da aka shigo da su daga waje suka dawo da shi. Abin da ya taimake su shi ne mafi yawan karnukan da ake gani suna yawo suna da masu su, kuma masu su sun riƙo su sun kawo. Mu a nan muna da cibiyar LANAVET a Bokle tun 1983, muna da Makarantar Namun Daji tun 1970, muna da reshen cibiyar Pasteur. Masana ba su yi mana ƙaranci ba. Amma likita ba zai yi wa kare allura ba sai wani ya riƙe igiyar, ya tsaya a bainar jama'a ya ce nawa ne. Dattijon nan ya ratsa kasuwa da rana tsaka da nasa, yara na binsa suna dariya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma ina ba masu shagunan hoto shawara su nemi likitocin dabbobi kafin ta zo, a kafa labule kusa da teburin allura. Wanda ya kawo karensa ya koma da karne mai hoto, mai hoto kuma ya koma da na cefane.

Washegari dattijon ya dawo karɓa. Aka liƙa ƙaramin a gurbinsa, ya mai da karnen cikin leda. Sai ya tsaya yana jujjuya na fuskar a hannu, ya daɗe, kana ya ce, "Alhaji, nawa ne a yi mini babbansa?" Ya ce karen ya tsufa, shekararsa 9 a lambun, kuma ba a ɗaki zai rataya ba, a bukkar lambu zai soke shi a jikin zana. Abokina ya ce jaka biyu. Aka yi ciniki aka tsaya a jaka ɗaya da rabi, da alkawarin albasa in an cire.

Buhun nan dai na lura ba a jefar da shi ba. Yana nan a naɗe a bayan ƙofa, nesa da tabarma, shi da zanen mai ruwan toka.